Randar da Ta Ƙi Fashewa

Wanda ya ba mu aron Goggo ya karɓi abinsa a tsakiyar bazara, wata Talata da hantsi, tana zaune a kan tabarma tana tsintar gutsuren kifi a faranti. Ban yi wa Ubangiji gardama a kan wannan ba. Ta tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kuma ta daɗe tana gaya mana kayanta a ɗaure suke, mota kawai take jira. Rigimata da masu rai ce. Ita ce ta sa na ɗauki biro, ni da ban saba riƙe komai ba sai almakashi da allura, don kada waɗanda suka ɓata mata suna tana raye su zama su ne masu ba da labarinta bayan ta tafi.

Kafin rana ta take, gidanmu na unguwar Ajilari a Maiduguri ya cika. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, bakina yana cewa haƙuri ya zama dole, kunnena kuwa yana tsakar gida. Mutane suna ɗauka mai kuka ba ya ji. Ina ji sarai.

Wani tsohon soja ya dogaro sanda ya shigo, ya zauna a kan turmi, ya girgiza kai ya ce, "Kai, Mai Burkutu ta tafi. Tun da matar nan ta sauke tukunya ban ƙara shan na kirki a garin nan ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, gawa tana ɗaki ko sanyi ba ta gama yi ba. Shekara ashirin da ɗoriya rabon Goggo da jiƙa dawa, amma sunan da ya fara zuwa bakinsu ke nan.

Mata biyu 'yan cocinmu suna jingine da bangon kicin. Ɗaya ta ce, "Baki ne ya cuce ta. Da ta iya bakinta, da yanzu ana shirin raka ta da waƙa." Ɗayar ta nuna ƙofar gida da haɓa, inda babbar randar Goggo take a gindin darbejiya, ta ce, "Wadda ta tuba da gaske me za ta yi da waccan? Tuban muzuru dai." Dukansu biyu sun sha ruwan randar kafin su shigo. Da idona na gan su.

Mutum ɗaya ce ta shigo ba ta kawo tarihi ba, Hajja, maƙwabciyarmu Babarbariya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kanadi, 'yata, kanadi," wato haƙuri da yarensu, ta koma gida ta aiko da tabarmi.

Da la'asar Fasto ya iso tare da babban dattijon ikilisiyarmu. Suka kira ni da Yaya, ɗan Goggo tilo, muka tsaya a inuwar darbejiya. Ga wanda bai san al'adarmu ba, in mutum ya yi laifi a ikilisiya ana sa shi a horo. Ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci, ba ya sa kayan ƙungiya irin zanen zumuntar mata, sai ranar da ya tashi gaban jama'a ya nemi gafara aka karɓe shi. In kuwa mutuwa ta riga wannan ranar, ba a shigar da akwatinsa coci.

Dattijo ya gyara hula ya ce, "'Ya'yana, kun san doka. Mamanku ta rasu a cikin horo. Gobe za mu yi mata addu'a a nan ƙofar gida, mu wuce maƙabarta. Matan zumunta ba za su sa zanensu ba, ba kuma za a shimfiɗa shi a kan akwati ba."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Ni kuwa na juya wurin Fasto. "Baba Fasto, kai ma haka ka ce?"

Yaro ne, bai daɗe da zuwa ba. Ya dubi takalminsa ya ce, "Shawarar dattawa ce, 'yar'uwa. Ni na tarar da maganar."

"Ka kuma tarar da ita a bencin baya kowace Lahadi tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Wannan ba ka gani ba?"

Dattijo ya ɗaga mini yatsa. "Ke, yi hankali. Irin wannan halin ne ya kai ta inda take."

Na ce masa inda take yanzu ba shi ne mai riƙe da makulli ba. Yaya ya ja ni ciki yana ba su haƙuri, kamar mu ne muka yi musu laifi.

To, tunda laifinta ake so a ji, bari in faɗe shi da bakina, don ba wanda ya fi ni haƙƙin faɗa.

Goggo yayar mahaifina ce. Tare suka baro ƙauyenmu na kudancin Borno bayan yaƙin basasa, lokacin da Maiduguri ta cika da sojoji da albashi. Ta kama gida a bayan bariki ta kafa tukwane. Hannu gare ta. Matan da suka riga ta sana'ar suna zaune suna korar ƙuda, nata gidan kuwa sai an jira wani ya tashi. A ƙarshen wata garmaho ba ya hutawa. Tana da sarƙar zinari, atamfa akwati-akwati, da wata irin dariya da ake ji daga titi. In an yi mata maganar coci takan ce ai tana aika baiko, Allah ya san gidanta.

Babana dako yake yi a Kasuwar Kifi ta Baga Road, yana loda kwalayen banda a manyan motoci masu zuwa kudu. Amma yana da wani aikin a gidan yayarsa. Kowace mai burkutu tana da mai ɗanɗano, wanda za a miƙa wa ƙwaryar farko ya ce ta nuna ko da saura. Babana ne nata. Harshensa ba ya kuskure, kuma tana alfahari da shi a gaban mutane. Kafin ya karya kumallo ya sha ƙwarya guda, kyauta, daga hannun wadda ta goye shi. Daga ƙwarya guda aka koma biyu, daga nan aka daina ƙirge. Idonsa ya zama ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka zama sillen kara. Mahaifiyata ta gaji ta kwashi ƙannena ta koma ƙauye, ta bar ni ina wanke ƙore a gidan Goggo. Babana bai kai damina ta gaba ba.

A gidan aka yi zaman makokinsa, kuma masu zaman su ne dai masu zuwa kullum. Rana ta yi tsaka, ana zufa, sai wani akawu mai gogaggiyar riga, wanda yake da ƙwaryarsa ta musamman a rataye a ƙusa, ya matso kusa da Goggo ya rage murya ya ce, "Uwar gida, ba a ɗan jiƙa maƙogwaro ne? Ai marigayin ma da yana nan da ya ce a kawo."

Wannan akawun shi ne Dattijonmu na yau. Ba zan faɗi sunansa ba, don Goggo ta hana ni. Amma ina so a lura da abu ɗaya. Shi da ya sha ya daina, an manta, har ya zama uban ikilisiya. Ita da ta sayar ta daina, ta mutu ana kiranta Mai Burkutu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Goggo ta tashi ta ɗauki taɓarya ta nufi rumfar tukwane. Ƙarar farko na ɗauka bindiga ce. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, na dahuwa da na tsimi, burkutu ya malale tsakar gida ya bi ta ƙarƙashin tabarmin 'yan makoki ya fita titi. Maza suka tattare riguna suka watse. Saura babbar randa, wadda ta gada daga kakarmu aka kawo ta daga ƙauye a bayan mota. Ta zabga mata taɓarya, baki kawai ya ɗan ɓalle. Ta ƙara, ko gezau. Sai ta jefar da taɓaryar ta zauna a cikin caɓi ta rungume randar tana kuka, tana kiran sunan ƙanenta.

Ba a taron wa'azi ta tuba ba, ba ta kuma ga wahayi ba, ko da yake na ji wasu suna ƙara mata wannan don labari ya yi daɗi. Ta taɓa ce mini, "Na san sunan Yesu tun ina yarinya, kamar yadda na san sunan gwamna. Ranar nan ce na san in bai kama ni ba na tafi."

Ta bar gidan bariki. Abokan sana'a suka zo neman ta koya musu sirrin hannunta, ta ce hannun ya mutu tare da ƙanenta. Atamfofi da sarƙa ta raba wa matan da mazansu suka ƙarar da albashi a gidanta, kuma ba aike ta yi ba. Da ƙafarta ta bi su gida-gida tana durƙusawa. Wasu suka karɓa, wasu suka rufe ƙofa. Akwai matar wani direba da mijinta ya kifar da mota a hanyar Bama bayan ya tashi daga gidan Goggo, ya bar ta da yara. Tana wanke-wanke Goggo ta shiga. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗaga bahon ta juye mata ruwan a ka. Goggo ta share ido ta ce, "Kin yi daidai, kuma da saura." Washegari ta koma ta ɗebo mata ruwa, ta yi mata daka. Haka ta riƙa yi har matar ta gaji da zagi.

Ni ma ta durƙusa mini, ina 'yar yarinya. Ta ce, "'Yar ƙanena, ni na kashe miki uba da ƙwarya. Ki yafe mini in kin girma, ba yanzu ba, yanzu ba ki san abin da aka yi miki ba." Na girma na sani. Na daɗe ina juya maganar a raina, kuma na yafe. Ni da aka mayar marainiya na yafe. To wane ne kuma yake da sauran bashi a kanta?

Da muka koma Ajilari ba ta zo da komai ba sai tabarma, tukunyar tuwo da randar nan. Ta ce wadda ta ƙi fashewa Allah yana da aiki da ita. Ta wanke ta da toka, ta shanya, ta girka ta a ƙofar gida ta cika da ruwa don masu wucewa. Ba wanda ya sha. Ƙamshin tsami ya riga ya shiga jikin yumɓu, daga nesa ake jinsa. Hajja ce ta fito ta zagaya randar, ta sunsuna, ta ce, "Maƙwabciya, wannan me ya taɓa zama a ciki?"

Goggo ba ta ɓoye ba. Ta gaya mata duka, a tsaye a bakin titi.

Hajja ta ce, "Wanki ba zai fitar ba. Kai ta wurin masu tukwane a Old Maiduguri, su mayar da ita wuta."

A amalanke muka kai ta. Tsohuwar mai ginin tukwanen ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce ita ba ta ɗaukar alkawari, tsohuwar randa in ta koma wuta ko ta fito ko ta tarwatse. Goggo ta ce, "Ni ma haka aka yi da ni. Sa ta." Aka lulluɓe ta da kara da busasshen kashin shanu tare da sababbin tukwane aka cinna. Ta fito da baƙin tabo a gefe ɗaya, tsamin ya tafi. Hajja ce ta fara sa moda ta sha a gaban 'yan unguwa, ta ce, "Wushe, maƙwabciya," wato sannu da yarensu, ta miƙa wa jikarta sauran. Tun daga ranar randar ba ta taɓa wuni ba ruwa.

Wannan ita ce randar da aka ce shaidar tuban muzuru ce.

Kowace asuba Goggo takan cika ta kafin ta buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda ta koyi karantawa da furfura a kanta, tana bin layi da yatsa tana ɗaga murya har kaji su farka. Shekarun da famfo ya ƙafe, daga cinikin gutsuren kifin da take sarowa a Baga Road take sayen ruwan garuwa ta zuba wa mutanen titi, mu kuwa a ciki ana auna mana na wanka. Shuwa masu kora shanu kasuwa sun sha, leburori sun sha, 'yan makaranta sun sha sun fasa mata moda ba adadi. In na yi ƙorafi cewa wane ko gaisuwa bai yi ba, sai ta ce, "Mai ƙishi ba a tambayarsa daga ina. Ba shi da hannu biyu, ki kuma rusuna."

Kada a ɗauka ina cewa zama da ita daɗi ne. Goggo wuya gare ta. Da na fara tashen 'yanmatanci na sayi man ƙara hasken fata, ta same shi a ƙarƙashin katifa, ta kira ni ina kallo ta jefa shi a masai. Ta ce wanda ya yi mini fenti bai gaya mata ya yi kuskure ba. Ranar auren Yaya, ɗanta guda a duniya, ta zagaya bayan rumfa ta ga kwalayen giya da abokansa suka ɓoye, ta ɗaure ɗankwali ta tako gida a ƙasa ta bar mu da baƙi. Yaya bai manta wannan ba, kuma ina jin shi ya sa "To, Baba" ta yi masa sauƙin faɗa. In ka ce mata ai zamani ne, sai ta ce, "Ni na sayar da duniya ƙwarya-ƙwarya, na san abin da ke ƙasan tukunyarta. Dusa ce." Waƙar sujada kuwa tana rera ta da dukan ƙarfinta, da muryar da ba ta taɓa haɗuwa da ta kowa ba.

An karɓe ta a ikilisiya bayan tubanta, ta shiga zumuntar mata. Ni na ɗinka mata farar rigar da ake sawa da zanen, ɗinkina na farko da na kammala ni kaɗai. Ranar da ta fara sa kayan ta tsaya gaban madubina, ita da ta daina kallon madubi, ta ce, "Yau na yi ado." Ta yi shekaru tana sharar coci da ziyarar marasa lafiya, ba wanda ya ji kanta da kowa.

Sai aka yi sabon gini. Aka sayo kujeru masu katifa aka jera a gaba don manya, sauran jama'a a benci. Ranar godiyar kaka aka kawo doya da raguna har gaban bagadi ana gwanjo, ana kiran sunan mai saye da lasifika, ana tafi. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta kawo 'yar gyaɗarta a kwano, ta ajiye, ta lalubi kujera mafi kusa ta zauna. Dattijo ya taso da kansa ya kama ta a kafaɗa ya tashe ta, don wani ɗan kwangila ya iso. Tsohuwar ta tsaya a tsakiya tana juye-juye, ba ta san inda za ta nufa ba.

Goggo ta miƙe. Ba ta nemi izini ba.

"A gidana na bariki haka nake yi. Mai kuɗi kujera mai jingina, talaka benci, wanda ba shi da ko sisi ƙasa. Na baro can a guje na zo nan, ashe an riga ni kawo kujerun. Wasunku ma sun san kujerun da nake nufi."

Ta je ta kama hannun tsohuwar ta kai ta wurin zamanta. Kafin sati ya zagayo an sa ta a horo saboda rashin ladabi ga shugabanni.

Ta yarda ta nemi gafara, wannan ma ina so a sani, don ana cewa girman kai ya hana ta. Ta tashi gaban jama'a ta ce, "Na ɗaga murya a gidan Ubangiji, na kuma yi habaici da abin da ya wuce, wanda ba ni da ikon tonawa. Wannan na tuba, ku yafe mini. Amma maganar kujera tana nan. Ba tawa ba ce balle in janye ta." Dattijo ya ce rabin tuba ba tuba ba ne. Sauran dattawan suka gyaɗa kai. Ta koma bencin baya, kuma a can ta ƙare kwanakinta.

Na roƙe ta ba sau ɗaya ba. Na ce, "Goggo, ki faɗi abin da suke so su ji, a wuce wurin. Allah ai ya san zuciyarki."

Ta ce, "In yi ƙarya don a miƙo mini gurasar Ubangiji? To me na ci ke nan?"

Na ce, "To ki bar ni in tuna wa mutumin nan ƙwaryarsa. Ni nake wanke ta."

Ta ɗago ta dube ni da idon nan nata. "Wanda ya rufe mini nawa bai ba ni izinin buɗe na wani ba. Sau ɗaya na gwada, kin ga na tuba. Ki rufe bakinki."

Kada wani ya ce abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai. Duk Lahadin da ake cin jibi, in faranti ya zo layin gabanta ya juya, takan ɗora hannuwa a cinya, hawaye yana bin fuskarta, ba ta sharewa. Shekara da shekaru ina kallon wannan daga wurin mawaƙa, kuma duk wanda ke cocin nan ya gani. Ba wanda ya tashi. Fastoci suka zo suka tafi, kowa ya ce ya tarar da maganar. Ɗan kwangilar nan ya auri mata ta biyu a ɓoye, aka yi masa horon da bai kai tsawon damina ba, ya koma kujerarsa.

Da safen jana'iza na yi niyyar in karya musu doka. Na ce ko za a kore ni daga ikilisiya sai na shimfiɗa mata zanenta a kan akwati. Na buɗe akwatin kayanta na zazzage. Zanen zumunta ba ya nan, farar rigar ma ba ta nan. Na zauna a ƙasa ina huci, ga faɗa a raina, ba abin da zan yi faɗan da shi.

Aka fito da ita aka ɗora a kan benci biyu a gindin darbejiya, gefen randarta. Matan zumunta suka zo cikin kayan gida kamar yadda aka umarce su, suka tsaya nesa-nesa. Fasto ya buɗe baki ke nan, sai ga wata tsohuwa ta ratso jama'a cikin cikakkun kayan zumunta. Na gane ɗinkina tun daga nesa, don hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Matar direban nan ce, mai ruwan wanke-wanke. Ashe da ta shiga zumunta ba ta da halin sayen kaya, Goggo ta kai mata nata, ta ce zane ba a yi shi don akwati ba.

Dattijo ya ce, "Mama, ba a sanar da ke ba ne?"

Ta ce, "An sanar da ni, Baba. Ku sa ni a horon, ai yanzu akwai wuri a bencin baya."

Ta tsaya a kan Goggo ta ɗauki waƙa ita kaɗai. Wasu mata suka amsa a hankali, wasu suka dubi ƙasa. Titi kuwa ya cika har ƙarshen layi. Hajja da matan gidanta suna tsaye a bakin zaurensu, ga masu kifi daga Baga Road, ga Shuwa da sandunansu, ga magidanta da suka sha randar nan tun suna 'yan makaranta.

An yi ta gaya mini tun ranar cewa ai hakan ma ya fi, da a coci ne da rabin mutanen nan ba su shiga ba, Allah ne ya juya abin. Na ji wannan har na gaji. Cikar titi ba ta wanke kowa ba. Goggo cocin take so. Ta share shi, ta yi kuka a cikinsa, ta ba da duk abin da take da shi don Mai cocin, kuma abin da ta roƙa bai wuce loma ɗaya ta gurasa da wuri a cikin 'yan'uwa ba. Aka hana ta tana raye, aka hana gawarta. Wannan zalunci ne, kuma ba zan sa masa wani suna don a ji daɗin gaisawa da ni ba.

Muka dawo daga maƙabarta rana tana dukan ƙeya, irin zafin Maiduguri da ke sa kwalta ta yi laushi. Motar da ta kwaso dattawa ta sauke su a ƙofar gidanmu. Ina tsaye a gindin darbejiya, moda a hannuna, ina ba mutane ruwa, don ba wanda ya tuna ya karɓi aikin. Sai ga Dattijo ya nufo ni, babbar riga ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe ya yi fari, yana haki irin na tsofaffi. Ya dafa bishiyar ya ce, "'Yata, taimake ni in ɗan jiƙa maƙogwaro."

Kalmomin nan dai. Bai ma san ya taɓa faɗarsu ba.

Na ga babana da kumburarren ciki, na ga faranti yana juyawa a gaban Goggo. Duk maganar da na haɗiye tun ina yarinya ta taso har bakina, kuma ga jama'a, ranar wanka ce da ba a ɓoyon cibi. Amma matar da muka rufe yanzun nan ta ce in rufe bakina, ta kuma ce mai ƙishi ba a tambayarsa daga ina.

Na tsoma moda na cika ta. Na riƙe da hannu biyu, na rusuna, na miƙa masa. Ya kafa kai ya shanye, ruwa yana bin gemunsa. Ya sauke numfashi ya ce, "Kai, ruwan nan da sanyi."

Na ce, "Randar bariki ce, Baba. An mayar da ita wuta."

Ya dubi ɓallin bakinta, ya dubi baƙin tabon, ya daɗe yana dubawa. Na ga ya gane ta. Na jira ko zai ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce da zan kai wa Goggo a addu'a. Modar kawai ya miƙo, na ƙara masa.

Ki huta, Goggo, a teburin da ba mai juya miki faranti. Mai Ceton da ya kama ki a cikin caɓi ya riƙe ki har mu iso. Ni dai har yau ban huce ba, kuma ban san ranar da zan huce ba. Amma randar ba ta wuni ba ruwa.